Wankin jikin gini ta waje: ina ake sa ƙarfin ruwa, ina ake lallaɓawa?

Na daɗe ina lura da wani abu game da masu wankin gini, kusan duk wanda ya fara riƙe injin furesha, wato injin wanki mai harbo ruwa da ƙarfi, sai ya ɗauka shi kenan ya samu maganin kowane datti, bango ne, rufi ne, taga ce, katako ne, kawai a saita musu bakin bindigar nan a danna. Kuma gaskiya ba na ganin laifinsu sosai, don aikin akwai daɗin kallo, kana wucewa da ruwan kana ganin baƙi yana komawa fari nan take kamar ana goge allo. Sai dai ɓarnar da injin nan yake yi ba a ranar take nuna kanta ba. Sai bayan wata biyu ko uku zaka ga fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, ko ɗaki ya ɗauki warin danshi an rasa daga ina, ko koren nan da aka wanke ya dawo har ya fi na da.

To bari mu ɗauko maganar daga tushe. Hanya biyu ce ake wanke jikin gida da ita. Ta farko wankin ƙarfi, inda injin yake matse ruwa ya harbo shi ta ɗan siririn baki, ruwan da kansa shi ne yake kankare dattin. Ta biyu ita ce zan kira wankin lallaɓa, nan ba ruwa ne yake aikin ba, sinadari ne, ana fesa shi a hankali a bar shi ya jiƙa ya ci dattin sannan a ɗauraye da ruwa marar ƙarfi.

Dan ka gane tazarar da ke tsakaninsu sai ka san ma'aunin ƙarfin matsin ruwa ko iska da ake kira PSI, shi ake rubutawa a jikin injin. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce PSI 30 zuwa 35, ruwan famfo mai kyau yana tsakanin 40 da 60. Ƙaramin injin furesha mai aiki da lantarki yana ba da 1,300 zuwa 2,000, mai shan fetur kuwa daga 2,500 har 4,000. In naka da wani ma'aunin mai suna bar aka rubuta, bar 1 kusan PSI 14.5 ne, wato bar 140 ya kai 2,000 kenan. Wankin lallaɓa kuma ƙasa da 500 ake yinsa, sau da yawa ma bai fi ƙarfin tiyon ban ruwan fulawa ba. Kaga ashe ba ƙaramin bambanci bane.

Abin da yake raba gardama dai tambaya biyu ce, wane irin datti ne wannan, kuma a kan me yake zaune?

Datti iri biyu ne, akwai matacce akwai mai rai, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke kuskure. Ƙura, laka, yashi, sawun taya, kashin tsuntsu, duk matattu ne, zama kawai suka yi a saman abu, in ka tura su da ruwa sun tafi. Amma koren nan da kake gani a gindin bango, da baƙin da yake zubowa layi-layi daga saman katanga, da dabbare-dabbaren da ke ɓangaren da rana ba ta cika bugawa ba, waɗannan halittu ne masu rai. Gansakuka ce da fumfuna, da wani mai manne wa dutse da rufi yana yin zagaye kamar makero. Suna ci, suna yaɗuwa, kuma sun kafa kansu a cikin ƙananan ramukan siminti da fenti inda ido ba ya kaiwa. In ka zo da furesha ka wanke su, aski kawai ka yi musu, abin da ke cikin ramin yana nan da ransa. Ƙari a kan haka ƙarfin ruwan ya ƙara kankare fuskar bangon ya mai da ita kaushi-kaushi, ramukan sun ƙaru, sun fi riƙe danshi, wato ka ƙara musu wurin zama. Shi ya sa suke dawowa da wuri. Abu mai rai kashe shi ake yi tukunna, in ya mutu da kansa yake sakin bangon.

Sinadarin da ake kashe su da shi ba wani baƙon abu bane, bilic ne, irin dai na wankin fararen kaya, sai dai na masu sana'a ya fi kauri. Na gida yawanci kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ne, nasu kuma 10 zuwa 12.5. Ba a fesa shi haka tsurarsa. Bango mai fenti abin da yake buƙata bai wuce kashi 1 zuwa 1.5 ba, ka ga in kana da mai kashi 6, gwangwani 1 na bilic da gwangwani 5 na ruwa ya ba ka kashi 1, in kuma mai 12.5 ne to 1 da 11. Sai a ɗan ƙara sabulun ruwa, ba dan kumfa ta burge kowa ba, amfaninsa shi ne ya sa haɗin ya manne a bango maimakon ya zurare ƙasa kafin ya yi aiki. Shawarata ka fara da mai rauni, in bai ci ba ka sake fesawa, ya fi ka zuba mai kauri ya kwashe maka launin fenti. Kuma a sani bilic yana mutuwa da kansa in ya daɗe a ajiye, musamman a zafi ko a rana, dan haka wanda ya shekara a sito kar ka yi mamaki in ka ga bai yi komai ba.

Yadda ake yi kuwa, daga ƙasa ake fara fesawa a hau sama, dan in ka fara daga sama zai zubo ta kan busasshen datti ya bar layuka masu wuyar fita. Sai ka bar shi minti 5 zuwa 10. Ka tsaya kusa ka kalla, abin akwai ban sha'awa, koren zai fara komawa ruwan ƙasa, daga nan ya yi fari-fari, wani wurin ma sai ka ga ya ɓace ba ka taɓa shi da komai ba. Abu ɗaya dai, kar ka bari ya bushe a jiki. In ka ga wani gefe ya fara shan iska ka ɗan yayyafa masa ruwa, shi ya sa ba a son yin aikin da tsakar rana bango ya ɗau zafi, ko ranar da iska take kaɗawa tana kai feshin inda ba a aike shi ba. Ɗauraya ita kuma daga sama ake sauko da ita, da ruwa mai yawa, gilashin taga a fara da shi.

Anan zan ɗan daɗe, don maganar rai ce. Bilic ba ya haɗuwa da komai sai ruwa da sabulun da aka tabbatar ya dace da shi. In ya haɗu da asid, ko na wankin tayil ne, ko na cire tsatsa, ko binega ma, iskar kulorin yake fitarwa, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. In ya haɗu da amoniya, wadda take cikin wasu magungunan goge gilas, nan ma wata iskar mai guba ce take tashi. Kuma ba sai a bokiti ɗaya ka zuba su ba, in ka fesa wannan a bango bai fita ba ka bi shi da wancan ba tare da ka ɗauraye ba, ai ka haɗa su. Ka karanta bayan robar duk abin da zaka zuba, in ba ka gane ba ka bar shi. Tabarau mai rufe ido ta ko'ina, safar hannu ta roba, takalmi rufaffe, waɗannan ba kwalliya bane. In ya faɗa ido a wanke da ruwa mai gudu na minti 15 aƙalla sannan a nufi asibiti.

Shuke-shuke ma suna da haƙƙi. Kafin ka fesa komai ka jiƙa duk wata fulawa da ciyawa da bishiyar da ke gindin bango, ganye da ƙasa, su sha su ƙoshi, don busasshen ganye da ƙasa mai ƙishi su ne suke zuƙe sinadarin. Kana aiki wani yana ci gaba da watsa musu ruwa, in an gama a sake. Masu rufe su da leda su kula, leda a rana dafa shuka take yi. In akwai tafkin kifi kusa to kar ɗigo ya shiga, kulorin kaɗan yana kashe kifi. Haka ƙarfe, alminiyom da kwano da makullin ƙofa da fitilun waje, bilic yana cin su in ya kwana a kai, dole a ɗauraye su sosai.

Rufi shi ne inda furesha ya fi yin ta'adi. Akwai irin rufin nan na fale-falen kwalta da aka barbaɗa wa tsakuwa ƙanana, wanda ya yi yawa a Amurka, baƙin layin da yake fitowa a kansa wata ƙwayar halitta ce mai suna Gloeocapsa magma. Tsakuwar nan ita ce take kare kwaltar daga rana, in ka sa furesha zaka ga tana gangarowa cikin indararo kamar yashi, kowace ƙwaya da ta tafi daga shekarun rufin aka rage. Ƙungiyar masu ƙera wannan rufi ta Amurka, ARMA, abin da ta ce shi ne a haɗa bilic na gida da ruwa rabi da rabi, a fesa, a bar shi minti 15 zuwa 20, a ɗauraye da ruwa marar ƙarfi, kuma kar a kusance shi da injin furesha. Rufin tayil na ƙasa ko na siminti shi ma ƙarfi yana kwashe masa fatar sama, yana cusa ruwa ta ƙarƙashin inda suka hau juna. Wannan mai kama da makero kuwa ko an kashe shi ba ya faɗuwa a ranar, sai ya ɗauki makonni ko watanni ruwan sama yana ɓamɓare shi a hankali, kar gaggawa ta sa ka kankare.

In kuma tsohon rufin asbestos ne, to dan Allah a bar shi kawai. Yana zaune lafiya matuƙar ba a taɓa shi ba, amma furesha yana farfasa fuskarsa ya saki zare-zaren da ido ba ya gani, su bi ruwa su zauna a ƙasa da bango, in sun bushe iska ta ɗauka mutane su shaƙa, ciwon da suke jawowa a huhu kuma sai bayan shekaru masu yawa yake bayyana. Tsohon fenti ma haka, na da can akwai dalma a cikinsa, Amurka sai a 1978 ta hana sa shi a gidaje, wasu ƙasashen kuma sun daɗe bayan nan ana sayarwa. Ɓarɓashinsa in ya watsu a tsakar gida yara ne suke fara ɗauka a hannu su kai baki.

Kar a ce na tsani furesha, a'a, yana da wurinsa kuma a wurin babu kamarsa. Daɓen kankare, hanyar shigar mota, dutse mai tauri, intalok, ƙarfen da za a sake wa fenti, nan fagensa ne. Sai dai ko a nan bakin da ka sa shi ne komai. Launi-launi suke zuwa, kuma kowane launi faɗin feshinsa daban. Ja digiri 0 ne, ruwan tsinke ɗaya yake fita, yana iya zana layi a kankare ya huda katako, ni dai ban ga abin da mai gida zai yi da shi ba, gara ya zauna a kwali. Rawaya 15, na kankare abin da ya kafe a siminti ko ƙarfe. Kore 25, shi ne na yau da kullum. Fari 40, na abin da ake tausaya wa. Baƙi kuma 65, ba shi da ƙarfi, na fesa sabulu ne. Ka fara da mai faɗi, ka tsaya nesa kamar santimita 60, ka gwada a lungun da ba a gani, sannan ka matso a hankali, kuma hannunka kar ya tsaya wuri ɗaya. Fili mai faɗi akwai wani faifai mai kama da murfi da ake jonawa, bakuna biyu ne suke juyawa a ƙarƙashinsa, shi yake hana zanen nan na layi-layi da ake bari a daɓe. Sabon kankare a bar shi ya kai kwana 28 aƙalla kafin a nufe shi da ƙarfi. Intalok kuma ruwan zai kwashe yashin da ke tsakaninsa, in ya bushe a mayar, in ba haka ba zai fara motsi.

Wani abin da masu saye ba sa dubawa shi ne yawan ruwan da injin yake fitarwa a minti. Kowa PSI yake tambaya, alhali ƙarfi ɓamɓarewa kawai yake yi, yawan ruwa shi ne yake kwashe dattin ya tafi da shi. Injin mai matsakaicin ƙarfi da ruwa mai yawa ya fi saurin gama aiki a kan mai ƙarfin tsiya da ɗan ruwa kaɗan. Maiƙo da baƙin mai kuwa zafi suke ji, da sabulun cire maiƙo, dama tun 1950 da Alfred Kärcher ya ƙera nasa injin a Jamus mai ruwan zafi ne. Kuma kar a bar injin yana kunne fiye da minti biyu ba a danna kunamar ba, ruwan da ke zagaye a cikin famfonsa zafi yake ɗauka ya lalata robobin.

Katako yana tsakiya. Mai laushi bai son fiye da PSI 500 zuwa 600, da farin baki, ana bin tsawon zarensa ba a gicciye ba. In ƙarfi ya yi yawa zaka ga ya tashi da gashi-gashi kamar tsohon bargo, sai an bi shi da samfefa. Tsohon bulo mai laushi, filasta mai tsaga, da ginin ƙasa, waɗannan ba a kai musu ƙarfi sam. Haka farantin sola, da bayan na'urar sanyaya ɗaki mai siraran ƙarafan nan da suke lanƙwashewa, da bakin taga. Kuma duk abin da aka jera shi yana hawa kan juna, an yi shi ne dan ruwan da ke saukowa daga sama, in ka harba daga ƙasa zuwa sama kai tsaye cikin bango ka aika ruwan.

Akwai tabon da duk hanyoyin biyu ba sa yi masa komai. Jan tsatsa bilic ƙara kafe shi yake yi, maganinsa daban ne, irin su asid ɗin oksalik. Farin gishirin nan da yake fitowa a bulo shi ma daga cikin bango danshi yake turo shi, ko ka wanke zai dawo in ba a toshe inda ruwan yake shiga ba. In ka shafa bango hannunka ya fito da gari kamar alli, fentin ne ya mutu, wanki ba zai dawo da shi ba.

Na taɓa tsayawa kusa da wani matashi yana wanke daɓe da silifas a ƙafarsa, laka ta fallatso masa, sai kawai ya juya bindigar ya ɗauraye ƙafar kamar yadda ake yi da tiyo. Abin da ya fito ɗan ɗigo ne a bayan ƙafa, bai fi hudar allura ba, jini ma bai zuba sosai ba, ya shafa ya ci gaba da aiki. Kafin dare ƙafar ta kumbura ta yi sulɓi, ko taka ta ba ya iyawa. Abin da ya faru shi ne ruwan bai tsaya a fata ba, ya shige can ciki da datti da duk abin da ke cikinsa, ƙofar ƙarama ce amma ɓarnar tana ciki. Kusan PSI 100 ma yana iya huda fata, to ina ga 3,000. Duk wanda wannan ya same shi kar ya jira ya ga yadda zata kasance, ya tafi asibiti a lokacin, kuma ya faɗa musu ƙarara cewa injin furesha ne, don likita in ya ga ɗan ɗigo zai iya ɗauka ƙaramin rauni ne, alhali wani lokacin sai an buɗe wurin an wanke cikinsa.

Tsani da furesha ba sa haɗuwa, don lokacin da ka danna kunamar bindigar tana tura ka baya, ga ƙasa a jiƙe ga sabulu. Akwai dogon sanda da ake jonawa ka wanke sama kana tsaye a ƙasa, wankin lallaɓa ma yana kaiwa hawa biyu daga ƙasa. Soket da mita da fitilun waje a rufe su, in da hali a kashe wutar ɓangaren, a kuma ɗaga kai a duba wayar da ta shigo gidan kafin a ɗaga sandan. Injin lantarki a jona shi a soket mai na'urar da take yanke wuta da kanta in ta ji yoyo, mahaɗar waya kar ta kwanta cikin ruwa. Mai fetur kuwa hukuncinsa ɗaya da janareta, ba a kunna shi a gareji ko wani rufaffen wuri ko da ƙofa a buɗe, hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum zai ji jiri da ciwon kai kawai sai ya faɗi. Yara da dabbobi a shigar da su ciki har a gama, wurin ya bushe.

In wani zaka ɗauka ya yi maka aikin, tambaye shi da me zai wanke rufi, me zai zuba a cikin ruwan kuma kashi nawa, me zai yi wa shuke-shuke, ina ruwan zai gangara. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin, zai ma zagaya gidan da kai ya nuna maka tsagar da ya kamata a toshe tukunna da tagar da ba ta rufuwa da kyau. Wanda ya ce maka injinsa yana da ƙarfi zai fitar da komai, ni kam ba zan bar shi ya hau rufina ba.

Bayan an gama ka shiga ciki ka bi kusurwar tagogi da ƙasan ƙofofi da silin da hannu ko akwai inda ruwa ya shigo, washegari kuma ka sake ba shuke-shuken ruwa sosai. Sannan ka koma wurin da koren ya fi yawa ka ɗaga kai ka duba me yake jiƙa shi, galibi zaka tarar indararo ne ya toshe yana ambaliya a bango, ko bututu yana ɗiga, ko reshen bishiya ya tare rana. A gyara indararon, a ɗaure bututun, a sare reshen ya ja baya da bangon kamar mita ɗaya dan iska ta riƙa ratsawa.